Kafin A Rufe Tagar Tikiti, A Tambayi Mai Tsayuwa A Gabanta

Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa, wanda ke fama da nahawu da tasarifi a nan Kudu, da rigimar tashoshin jirgin ƙasa na Ingila? Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma da na bi diddigin yadda rigimar ta faro da yadda ta ƙare, sai na ga ashe magana ce da ta shafi abin da muke karantawa kullum, wato yadda mutum ke buɗe baki ya yi tambaya, wani mutum ya ba shi amsa. Don haka ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni Ingila tukuna, daga baya ma dawo gida.

A ranar 5 ga watan Yuli na shekarar 2023, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Birtaniya, wadda ake kira Rail Delivery Group, ta ba da sanarwar cewa kamfanonin na son rufe kusan dukkan ofisoshin sayar da tikiti na tashoshin Ingila, waɗanda yawansu ya kai wajen 1,000. Manyan tashoshi ƙalilan ne kawai za a bar wa nasu. Aka ba jama'a kwana 21 kacal su faɗi ra'ayinsu. Nan take ƙasa ta ɗauka. Ƙungiyoyin naƙasassu suka ce hatta takardun neman ra'ayin ba a shirya su yadda makaho zai iya karantawa ba. Magajin garin yankin Mancesta a lokacin, Andy Burnham, da wasu takwarorinsa suka yi barazanar zuwa kotu. Dole aka ƙara wa'adin zuwa 1 ga Satumba.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanonin kamar yadda suka kawo ta, domin ba hujjar banza ba ce. Sun ce a tsakiyar shekarun 1990, kashi 82 cikin 100 na tikiti a taga ake yankarsu, amma zuwa 2023 abin ya sauko zuwa kashi 12 cikin 100. Saura duk ta waya ko intanet ko na'urar da ke girke a tasha ake saye, wasu kuma katin banki kawai suke dangwalawa a ƙofa su wuce. Suka ce akwai ƙananan tashoshin da ma'aikaci kan wuni a bayan gilashi, awa guda ta wuce bai sayar da abin kirki ba. Me zai hana a fito da shi kan dandamali, ya riƙa zagayawa yana taimakon fasinja? Suka ƙara da cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na tashoshin da ma can ba su da ofishin, kuma jirage na tsayawa a cikinsu lafiya lau. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan sun rufe nasu tagogin tun a 2015, kamfanin jiragen ƙasa na Suwidin ma ya rufe shagunan tikitinsa na ƙarshe a 2021, duniya kuma ba ta tashi ba. Firayim Minista na lokacin, Rishi Sunak, ya fito ya ce shirin shi ne daidai ga jama'a da masu biyan haraji.

Duk da haka ni dai ban gamsu ba, kuma ina ganin waɗanda suka ƙi shirin su ne da gaskiya. Ga dalilaina.

Wannan kashi 12 da ake ta yayatawa tikiti ya ƙirga, bai ƙirga mutane ba. Ma'aikacin banki da ke shiga Landan kullum, wanda ke saye ta waya sau ɗari biyu a shekara, an ƙirga shi sau ɗari biyu. Tsohuwar da ke zuwa ganin jikokinta sau uku a shekara, wadda ba ta san wata hanya ba sai taga, sau uku aka ƙirga ta. A kan takarda sai ta zama ba komai ba, alhali ita ce wadda idan aka rufe tagar tafiyarta ta ƙare, shi kuwa ma'aikacin bankin ko a jikinsa. Sannan a ƙasar da aka yi tafiye-tafiyen jirgin ƙasa wajen biliyan 1.4 a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, kashi 12 na kowane irin lissafi miliyoyi ne masu yawa. Uwa uba, babu wata na'ura da ta ƙirga waɗanda suka zo taga ba don sayen tikiti ba. Wanda ya zo tambayar dandamalin da jirginsa zai tsaya, da wadda aka soke nata jirgin take neman ta ji ko tikitinta zai yi aiki a na gaba, da yaron da ya manta jakarsa a tarago, duk ba su shiga lissafi ba, domin tambaya ba ta barin rasit.

Kuma tambaya a jirgin ƙasan Birtaniya dole ce. Tun bayan da aka raba kamfanin gwamnati aka sayar wa 'yan kasuwa tsakanin 1994 da 1997, tsarin kuɗin tikiti ya zama wani irin daji. An ƙiyasta cewa akwai farashi daban-daban har wajen miliyan 55 a cikinsa. Tafiya ɗaya tana iya samun farashi goma: na lokacin cunkoso, na bayan cunkoso, na wanda ya saya tun da wuri, na wanda ya yarda ya bi jirgin kamfani kaza kawai, na wanda zai bi ta wata hanya. Wani lokaci ma idan ka raba tafiyarka gida biyu ka yanki tikiti biyu, ya fi arha a kan guda ɗaya, alhali kana zaune a kujera ɗaya. Ma'aikacin taga ya san waɗannan lunguna, kuma ƙa'idar aikinsa ta wajabta masa ya sayar maka da tikitin da ya dace da buƙatarka ba tare da fifita wani kamfani ba. Ita kuwa na'ura abin da ka danna shi za ta ba ka. A farkon 2024 ƙungiyar kare masu sayayya mai suna Which? ta bayyana cewa ta aika mutane tashoshi suka gwada, suka tarar da cewa a wata tafiyar farashin na'ura ya ninka na intanet fiye da sau biyu. Ke nan wanda ba shi da intanet, aka kuma rufe masa taga, an tura shi hanya mafi tsada, kuma galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi.

Sai maganar naƙasassu, wadda a ganina ita ta karya shirin. Ƙungiyar makafi ta RNIB ta ce a bincikenta kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu larurar gani suka ce suna iya amfani da na'urar tikiti ba tare da matsala ba, fiye da rabi kuma suka ce sam ba za su iya ba. Dalilin a fili yake: fuskar na'urar gilashi ne sumul, babu abin da yatsa zai lalubo. Kamfanonin suka ce ai ga ma'aikaci nan yana zagayawa a tasha. To, ta yaya makaho zai gano mutumin da ke yawo? Taga wuri ɗaya take, ya haddace yawan takun da zai yi daga ƙofa zuwa gabanta, karen da ke masa jagora ma an koya masa hanyar. Mai larurar ji kuwa, a jikin tagar ne aka liƙa na'urar da ke aika murya kai tsaye cikin abin da yake saƙalawa a kunne, a kan dandamali kuma sai ƙarar inji da iska. Akwai rangwamen da ake yi wa masu keken guragu wanda a taga ake samunsa. A tashoshi da dama kuma, buɗe ɗakin jira da bayan gida ya dogara ne da kasancewar ma'aikaci a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa waɗanda suka tsara shirin da alama ba su taɓa shiga tasha da sanda a hannu ba.

Akwai wani lauje cikin naɗi da ya kamata mu ɗalibai mu lura da shi, domin darasi ne kan yadda ake wasa da kalmomi. A tsarin Birtaniya akwai wata yarjejeniya da ta ɗaure kamfanonin, wadda a wani sashe nata aka rubuta sa'o'in da kowane ofishin tikiti zai kasance a buɗe. Kamfani ba ya iya rage waɗannan sa'o'i sosai ko ya rufe ofishin sai ya nemi ra'ayin jama'a. Wannan ne ma ya sa aka yi neman ra'ayin na 2023. Amma kariyar tana kan ofishin ne, ba ta bin ma'aikaci zuwa dandamali. Da zarar an rufe taga, ana iya rage ma'aikacin gobe ko jibi ba tare da an tambayi kowa ba. Saboda haka kalmar da aka yi ta amfani da ita, wai za a "fito da ma'aikata kusa da fasinja", daɗinta a baki ne kawai. Da mutane suka duba jadawalin da kamfanonin suka fitar, sai suka ga a tashoshi da yawa sa'o'in da za a samu ma'aikaci sun ragu ƙwarai, wasu ma sai dai wata tawaga ta riƙa leƙowa jefi-jefi.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun watan Maris na 2020, da annobar korona ta kwashe fasinjoji, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin riba da asarar jiragen, kamfanonin suka koma karɓar ladan gudanarwa. Ke nan duk fam ɗin da aka rage daga albashin ma'aikata, baitulmali ne zai amfana. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa gwamnati ce ke tura motar daga baya, kamfanonin suna riƙe da sitiyari ne kawai. Ba laifi ba ne gwamnati ta nemi rage kashe kuɗi. Laifin shi ne a ce wa mutum gyara ake masa alhali ragi ake yi.

Jama'a suka aika da martani wajen 750,000, kusan dukkansu na ƙin amincewa. A ranar 31 ga Oktoba na 2023, hukumomi biyu masu kare muradun fasinja, Transport Focus da London TravelWatch, suka ce ba su amince da rufe ko da ofishi ɗaya ba. A ranar ce kuma Sakataren Sufuri, Mark Harper, ya umarci kamfanonin su janye shirin, yana mai cewa bai kai mizanin da ministoci suka gindaya ba. Kafofin yaɗa labarai sun ruwaito cewa shugabannin kamfanonin sun fusata, domin a cewarsu da sanin ma'aikatar aka tsara komai.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda ɓangaren da nake goyon baya yake da rauni. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta RMT, ƙarƙashin Mick Lynch a lokacin, ta yi ruwa ta yi tsaki a yaƙin, kuma kowa ya san guraben aikin 'ya'yanta take karewa kafin komai. Wannan haƙƙinta ne, amma ba shi ne hujjata ba. Haka kuma ban yarda cewa duk tagar da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya dole ta zauna har abada ba. Kashi 12 ɗin nan zai ci gaba da raguwa, kuma a 2025 kamfanin ScotRail ya rage sa'o'in buɗe wasu ofisoshinsa a Sikotland. Abin da nake cewa shi ne tsari yana da gaba da baya. A fara sauƙaƙa farashi, a ƙera na'urar da makaho zai iya amfani da ita, a rubuta a doka sa'o'in da za a samu mutum a tasha da wurin da zai tsaya. Bayan nan sai a zo a yi maganar gilashi da katako. Su kuwa sun so su fara da rufewa, gyara ya biyo baya in an samu hali.

Yanzu mu dawo gida, inda labarin ya juya. A Ingila mutane sun fito kare taga ne domin sun yarda da mutumin da ke bayanta. A nan Nijeriya kuwa tagar tikiti ba ta da wannan farin jinin. Bayan buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli na 2016, musamman da hanyar mota ta zama abin tsoro, jaridu sun sha ba da labarin 'yan cuwa-cuwar tikiti: a ce maka tikiti ya ƙare, ka juya ka tarar da shi a hannun wani a waje da ninkin kuɗi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a layin a watan Janairu na 2021, daga baya a ƙarshen 2023 aka faɗaɗa shi zuwa layin Legas zuwa Ibadan da na Warri zuwa Itakpe. A cikin birnin Legas kuma, jiragen da suka fara aiki a 2023 da 2024 da katin Cowry ake shigarsu. Ni ina cikin masu murna da wannan sauyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layi tun asuba zai fahimce ni. Kuɗin da ya bi ta waya yana barin sawu, wanda ya bi ta tafin hannu kuwa sai Allah.

Amma kada murna ta sa mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago. Wata rana da hantsi ina wata tasha a nan Kudu ina jiran jirgi, sai wani dattijo ya ji ina waya da Hausa. Ya jira na gama, sannan ya matso ya yi sallama. Ya ce, "Ɗana, don Allah a ina ake yankar tikiti a nan?" Na ce, "Baba, ina za ka?" Ya faɗa mini unguwar da zai je gaisuwar rasuwa. Kuɗinsa na nannaɗe a aljihun gaba, wayarsa kuwa 'yar ƙarama ce mai tocila. Na raka shi muka yi abin da ya kamata, wanda bai ɗauke mu minti biyar ba. Amma sai da muka zauna na gane cewa tikitin shi ne ƙaramar damuwarsa. Tambayoyi ne cike da bakinsa. Jirgin yana tsayawa kusa da inda za shi, ko sai ya ƙara hawa mota? A tasha ta nawa zai sauka, tunda ba ya jin sanarwar da ake yi? In ya dawo bayan magariba zai samu jirgi? Za a bar shi ya shiga da ɗan buhun da ke hannunsa? Mutum ne da ya shekara fiye da talatin yana fatauci tsakanin Arewa da Kudu, yana jin Yarbanci daidai gwargwado, lissafin kuɗi kuwa ko ni ba zan gwada masa ba. Abin da ya gagare shi allo ne da aka rubuta da Ingilishi. Da zan sauka ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na amsa da amin, amma na tafi ina tunanin ranar da bai ci karo da mai jin Hausa ba.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Hausawan Sabo a Ibadan da na Agege a Legas ba baƙin layin dogo ba ne. Tun da dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, goro ke hawa Arewa, shanu na gangarowa Kudu, kuma da wannan ciniki unguwannin suka bunƙasa. Kakanninmu ba su yi boko ba, amma sun hau jirgi sun sauka lafiya, domin komai da baki ake yi. A bakin taga da kan dandamali ne Hausa ta ari kalmomi irin su tasha da tikiti da reluwe daga Ingilishi, ta lanƙwasa su yadda harshenta zai iya ɗauka, har yau ga su muna nazarinsu a darasin aron kalmomi. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma karin maganar ta ɗauka cewa akwai wanda za a tambaya. Manhaja ba ta jin Hausa, ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Ibo, ko Ingilishin kasuwa ba ta ji. Idan Bature ɗan shekara 80, wanda da harshen uwarsa aka rubuta allon, ya ce na'ura ta gagare shi, ina ga Baba mai tocila?

Mu tuna kuma da abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da aka tura kowa ga taransifa a dare ɗaya. Mun ga yadda sabis ya riƙa ɗaukewa, kuɗi ya fita daga asusu bai isa ba, masu POS suka tsawwala. Wanda ba shi da babbar waya dole ya nemi mai ita, mai ita kuma ba kullum yake yi don Allah ba. Haka zai faru a tasha idan babu ma'aikacin da aka ajiye don wannan aiki: ɗan cuwa-cuwar da aka kora daga bakin taga zai dawo da waya a hannu, ya ce kawo in saya maka, ka ba ni na goro.

Saboda haka abin da nake nema a tashoshinmu bai kai abin da mutanen Ingila suka nema tsada ba. A bar kuɗi ya ci gaba da bi ta na'ura, domin a toshe ɓaraka. Amma a kowace tasha a samu wuri ɗaya sananne, mai alama, da ma'aikaci zaune tun daga jirgin farko har na ƙarshe, wanda zai karɓi kuɗin hannu ya shigar da shi na'ura a gaban mai shi, ya ba shi rasit, ya kuma amsa tambaya da harshen da mai tambayar ke ji. A tashar da ke kusa da unguwar Hausawa a sa mai jin Hausa, kamar yadda ya dace a samu mai jin Yarbanci da Ibo a Rigasa. A riƙa yin sanarwar tashoshi da harsunan nan uku bayan Ingilishi, abin da bai wuce ɗaukar murya sau ɗaya ba. Manhajar ma a fassara ta.

Wannan na ƙarshe kuwa aikinmu ne. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri kan fassara da ƙirƙirar kalmomi, a ɗaure shi da baƙin bango a ajiye a kanta. Duk kalmomin da ke cikin manhajar sayen tikiti da allunan tasha ba za su fi 'yan ɗaruruwa ba. Ɗalibai uku daga sashenmu, da uku daga na Yarbanci, da uku daga na Ibo, za su iya gama su a zangon karatu ɗaya, su je tasha su gwada a kan fasinjoji na gaskiya su ga wace kalma aka gane, wacce kuma ta sa mutum ya yi sororo. Ni dai na riga na kai wa malamina wannan a matsayin batun kundina, kuma kalmar da ta fara tsaya mini a wuya ita ce wadda za a rubuta a kan maɓallin da mutum ke dannawa idan ya fasa tafiya yana son a mayar masa da kuɗinsa.